Borin Jini a Jikin Dabbobi: Tambayoyin Masu Kiwo da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da masu kiwo suka saba yi: mai garke a ruga, mai tunkiya ɗaya a turke, ɗan barga, da mai karen gadi. Yawancinsu sukan taso ne bayan an yi wa dabba allura ta kumbura, ko ta yi ta susa har fata ta saɓule an rasa dalili.

Likita, wai dabba ma tana yin borin jini kamar mutum?

Tana yi. Saniya, doki, jaki, tunkiya, akuya, kare, kyanwa, duk suna da garkuwar jiki irin tamu, kuma garkuwar kan yi kuskure irin namu. Abin da muke kira borin jini, 'yan boko su ce alaji, shi ne garkuwa ta ɗauki abin da ba shi da wata illa, kamar yawun ƙwaro ko ƙurar harawa ko wani magani, ta mayar da shi abokin gaba, ta yi ta faɗa da shi har ta ji wa jikin da take gadi ciwo. Maigadi ne ya ga inuwa ya harbi ɗan gida.

Kalmar alaji kanta ba tsohuwa ba ce. Wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro ta a 1906. A Hausa borin jini ya fi nufin taswirar kumburin nan da ke fesowa a fata mai ƙaiƙayi, amma matsalar ta wuce fata: tana kama huhu, hanji, jini, ido, har ƙoda.

Me ke faruwa a cikin jikin?

A ƙarƙashin fata, da bangon hanji, da hanyoyin numfashi, akwai wasu ƙwayoyin halitta da suke zaune kamar rumbunan albarushi, cike da sinadarai, shahararre cikinsu histamin. Ranar da wani baƙon abu ya fara shiga jiki, idan dabbar mai irin wannan hali ce, jiki zai ƙera masa wani makami na musamman da ake kira IgE, ya manna shi a jikin rumbunan nan. A ranar ba a ganin komai. Sai ranar da abin ya dawo: yana taɓa IgE, rumbunan su fashe. Histamin ya buɗe jijiyoyin jini, ruwa ya tsiyaye cikin nama, wuri ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, hanyar iska ta tsuke. Duk wannan cikin mintuna.

Shi IgE ɗin sai a shekarun 1966 da 1967 aka gano shi, a Amurka ta hannun wasu ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da kuma a Suwidin ta hannun Johansson da Bennich.

Na sha yi wa saniyata wannan allurar lafiya lau. Me ya sa yau ta faɗi? Ko maganin jabu ne?

Jabu yana nan a kasuwa, ba a musu. Amma ka riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan zancen gaba ɗaya: allurar farko ba ta kayar da dabba, koya wa jiki take yi. Ta biyu ko ta biyar ita ke kayarwa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya zabura, haka garkuwar jiki take. Don haka "ai na taɓa yi mata ba abin da ya faru" ba hujjar aminci ba ce, wani lokaci ma ita ce silar abin.

A jikin kare aka fara gane haka. A 1902 wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suna ƙoƙarin sabar wa karnuka dafin wata halittar teku, da fatan su samu kariya kamar yadda rigakafi ke yi. Karen da ya sha allurar farko ya warware sarai, bayan kimanin makonni uku aka ƙara masa ɗan mitsitsi, bai cika rabin awa ba ya mutu. Suna neman kariya suka samu kishiyarta, suka raɗa wa abin suna anafilaksis, wato borin jini mai tsanani da ke iya kisa nan take. Richet ya karɓi kyautar Nobel a kan wannan a 1913.

Abubuwan da suka fi jawo shi a dabbobinmu su ne penisilin da danginsa, allurar bitamin B idan aka ɗura ta a jijiya, wasu alluran rigakafi, maganin da aka tace daga jinin doki kamar na dafin maciji da na sandarewar jiki, da harbin ƙudan zuma ko rina.

Yaya zan gane mai tsananin da ke kisa?

Ya danganta da dabbar, domin kowace da inda abin ke fara buge ta. Saniya da tunkiya huhu ne: cikin mintuna kaɗan za ka ga haki, miƙa wuya, buɗe baki, dalala da kumfa, rawar jiki, wani lokaci ciki ya kumbura. Fatar ido da leɓe da gabanta su cika. Doki huhu da hanji ne: gumi ya karyo masa, ya yi ta shure-shure kamar mai ciwon ciki, numfashi ya yi wuya, zawo ya biyo baya. Kare kuwa daban yake da kowa, shi hanta ce ke shaƙe jini, shi ya sa alamarsa ta farko amai ce da gudawa, dasashi ya yi fari, ya zube. Masu kare da yawa sukan ɗauka guba aka ba shi. Kyanwa ta fi kama da saniya, numfashi ne ke ƙwace mata, tana soshe fuska.

Mai sauƙin kuma shi ne na fata kaɗai: tudu-tudu masu faɗi kamar an liƙa kwabbai a wuya da haƙarƙari, gashi ya miƙe a kansu, in ka danna da yatsa ya lotsa. A doki aka fi ganinsa. Sau da yawa yakan sace da kansa cikin yini ɗaya ko biyu.

To me zan yi a wannan lokacin?

Ka dakatar da allurar in ba ka gama ba. Ka sassauta igiya daga wuya, ka matsar da sauran dabbobi, ka bar ta a inuwa. Kada ka ɗura mata komai ta baki, ba manja, ba nono, ba ruwan kanwa. Dabbar da ke kokawa da numfashi in aka ɗura mata abu huhu yake wucewa, kuma na fi tsoron wannan ɗuren da borin kansa.

Maganin da ke ceto guda ɗaya ne, adirenalin, a tsoka. Shi ke matse jijiyoyin da suka saki, ya buɗe hanyar iska. Kwalbar da aka saba gani mai miligiram 1 ce a kowace mililita, kuma ma'aunin da likitoci ke farawa da shi wajen mililita 1 ne ga kowane kilo 100 na nauyin dabba, a maimaita bayan mintuna 15 idan ba a ga sauƙi ba. Maganin ƙaiƙayi da deksametazon, maganin kwantar da kumburin nan da ake kira deksa, suna biyo baya ne, ba sa maye gurbinsa, domin aikinsu na da jinkiri. A ra'ayina duk malamin dabbobin da zai fita yi wa garke allura ba adirenalin a jakarsa, bai gama shiri ba. Kai kuma mai dabba, ka tsaya kanta rabin awa bayan kowace allura. Kada a yi allura a kora garke daji nan take.

In ta tashi, ka rubuta sunan maganin da ranar, ko ka ajiye kwalbar. Wannan dabba ta yi sallama da wannan magani har abada, kuma duk wanda ka sayar wa ita ya cancanci ya sani.

Duk dabbar da ta faɗi bayan allura borin jini ne?

A'a. Oksitetirasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in aka tura shi a jijiya da gaggawa yana zubar da saniya ko da yau ta fara ganinsa, saboda yadda yake taɓa zuciya da bugun jini. Penisilin mai farin ruwan nan, in ya kuskure ya shiga jijiyar doki maimakon tsoka, dokin zai haukace, ya yi ta zabura yana karo da bango na 'yan mintuna. Sinadarin firokain da ke ciki ne ya hau ƙwaƙwalwa, kuma kwalbar da ta sha zafin rana ta fi yin haka. Laifin hannu ne da ajiya, ba na garkuwa ba. Shi ya sa ake jan bututun sirinji baya a duba ko jini zai fito kafin a tura.

Shanuna sun kumbura bayan rigakafin ciwon huhu. In daina yi musu?

Kada ka daina. Kumburin da kake nufi sananne ne, ana danganta sunansa da wani likitan Beljiyam na ƙarni na 19, Louis Willems. Rigakafin ciwon huhu na shanu, irin wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato da sauran cibiyoyin Afirka, ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana. A wasu shanu ƙalilan takan yi ƙarfi a wurin allurar, bayan mako biyu ko uku wuri ya yi zafi ya kumbura yana yaɗuwa. Lura da bambancin: wannan ya fi kama shanun da aka yi wa karon farko, kuma yana zuwa a makare, borin jini kuwa karo na biyu yake jira kuma cikin mintuna yake zuwa. Ana magance shi da allurar kashe ƙwayoyin cuta idan an kira likita da wuri. Ciwon huhun kansa in ya shiga garken da ba rigakafi, asarar da yake yi ba ta haɗa hanya da wannan.

Dokina da damina ta faɗi sai ya yi ta goga wutsiya da geza a bango har gashin ya ƙare. Sanyi na shigowa ya warke. Mene ne?

Da alama yawun wani ɗan ƙaramin ƙudan cizo ne mai suna Kulikoides, wanda bai kai sauro ba, tsawonsa milimita 1 zuwa 3. Yana hayayyafa a laka da jiƙaƙƙen taki, yana fitowa da asuba da magariba. Duk dawakin bargar yake cizo, amma mai borin ne kawai ke haukacewa da susa: gindin wutsiya, geza, tsakiyar baya, ƙarƙashin ciki. Kowace shekara abin na ƙaruwa, fata ta yi kauri ta yi kunya-kunya. Ga dokin hawan sallah ko na folo wannan ba ƙaramar asara ba ce, don doki ba geza ba wutsiya ko an yi masa kayan ado bai cika ba.

Dawakin tsibirin Aisilan sun koya wa likitoci abu a kan wannan. Sun shafe ɗaruruwan shekaru ba su san cizon wannan ƙwaro ba. In aka kai babban doki daga can zuwa Turai, a wuraren da ƙwaron ya yi yawa kusan rabi suna kamuwa, amma 'ya'yansu da aka haifa a Turai kaɗan ne ke yi. Jikin da ya san abu tun yana ƙarami yakan yi haƙuri da shi.

Maganin shi ne raba doki da ƙwaron. A shigar da shi ɗaki kafin faɗuwar rana, kada a fito da shi sai rana ta ɗaga. Gidan sauro na yau da kullum ramukansa sun yi masa faɗi, sai mai ƙananan ido. Fanka na aiki sosai domin ƙwaron ba ya iya tashi cikin iska. A kwashe taki, a janye turke daga bakin fadama. Akwai riba ta biyu: wannan ƙwaro shi ke ɗauko annobar dawakin Afirka, wadda ke kashe doki cikin kwanaki.

Wani dokin kuma tari yake yi duk lokacin da aka zuba masa harawa.

Shinshina harawar. In an ɗaure ta da sauran danshi, ko ruwa ya taɓa ta a kan rufi, fumfuna ta kama ta, kana girgizawa za ka ga farar ƙura na tashi. Ita ce ke tsuke hanyoyin numfashin doki, abin da yanzu likitoci ke kira asmar dawaki. Ya fi kama dokin da ya manyanta. Ba zazzaɓi, yana cin abinci, amma yana tari, hanci a buɗe, yana matsa ciki kafin iska ta fita, har wani layi ya fito a gefen cikinsa saboda tsokar wurin ta yi kauri. A jiƙa harawa cikin ruwa kamar rabin awa a ba shi nan take, a yayyafa wa dusa ruwa, a zuba abinci a ƙasa ba a sama ba, a bar shi a fili gwargwadon iko, kuma kada a yi shara yana ciki. Magani na rage wahala, amma in ƙurar na nan, jiya i yau.

Ƙurar ruɓaɓɓiyar ciyawa tana yi wa shanun da ake tsarewa a ɗaki irin wannan lahani, har da mai zuba musu abincin. A Turai ciwon huhun manomi suke kiransa.

Karena yana cizon bayansa har jini, amma na duba ban ga ƙuma ko ɗaya ba.

Rashin ganinta ba ya wanke ta. Karen da ke borin yawun ƙuma cizo kaɗan ya ishe shi susar kwanaki, kuma saboda yawan lasa da cizon kansa yana haɗiye ƙumar kafin ka gani. Wurin da abin ya kama shi ne shaida: gindin wutsiya, ƙugu, bayan cinyoyi. Ka taje gashinsa a kan farar takarda mai laima, in baƙin gari ya zubo ya narke ya zama ja, kashin ƙuma ne.

Macen ƙuma tana iya zuba ƙwai har 50 a rana, suna zubewa a shimfiɗa da tsagar ƙasa. Wadda ke jikin kare 'yar kaɗan ce a kan wadda ke jira a ƙasa. Sai an yi wa duk karnuka da kyanwoyin gidan magani tare, wata-wata, an kuma gyara makwanci. Gargaɗi: maganin ƙwari mai fametirin da ake ɗiga wa kare yana kashe kyanwa. Farasitamol ma haka, ƙwaya ɗaya ta isa.

An kashe ƙuma, har yanzu yana lasar ƙafa, kunne na wari.

To saura abu biyu. Na farko borin abubuwan da ke cikin muhalli, musamman ƙananan halittun da ke zaune cikin ƙurar ɗaki da katifa, da garin furanni. Yakan fara tsakanin wata 6 da shekara 3, yana kama tafin ƙafa, kunne, fuska, hammata. Karnukan waje irin su jaman shefad da labrado sun fi fama da shi, kuma ana gadonsa. Fatar irin waɗannan karnuka tun asali ba ta rufe da kyau ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba a warkewa, lallaɓawa ake yi: wanka da sabulun da likita ya zaɓa, maganin ƙwayoyin cutar da suka hau kan susar, da magungunan kashe ƙaiƙayi na zamani irin su Apoquel da aka amince da shi a Amurka a 2013 da allurar Cytopoint. Suna da tsada. Firiton da ke yi wa mutum aiki, a kare tasirinsa kaɗan ne.

Na biyu abinci. Yawanci ba sabon abinci ba ne, wanda ya daɗe yana ci ne: naman sa, madara, kaza, alkama. Hanyar ganewa ɗaya ce, a ɗora shi kan naman da bai taɓa ci ba da abin haɗi guda ɗaya, makonni 8 cur, ba ƙashi, ba ragowar tuwo daga hannun yara. In ya samu sauƙi a mayar da tsohon abincin, in susa ta dawo an kama ɓarawo. Gwajin jini na abinci ba abin dogaro ba ne, ɓarnar kuɗi ce.

Akuyata da tumakina fatarsu na ɓarewa. Shi ne?

Hajiya, da wuya. Kama da wane ba wane ba ce, kuma a ƙasarmu in aka tara dabbobi masu ciwon fata, mafi yawansu ba borin jini ke damunsu ba. Ƙazwa ƙwaro ne ke haƙa fata, tana yaɗuwa daga wannan zuwa waccan, aibamektin na kashe ta. Kirci ƙwayar cuta ce da ke samun ƙofa ta cizon kaska da jiƙewar damina, gashi ya dunƙule da ɓawo. Akwai kwarkwata, akwai makero. Ki lura da ƙa'ida mai sauƙi: abin da ya kama dabbobi da yawa lokaci ɗaya, ki fara zargin cuta ko guba. Borin jini ɗaiɗai yake zaɓa.

Akwai kuma wanda ya fi ruɗa mutane. Tunkiya ta ci tsidau da ya yi yaushi, ko furen shingen nan lantana, ko ciyawar birakiyariya da ake shukawa a gonakin kiwo, hanta ta lalace, wani sinadari daga koren ganye ya taru a jini. Rana na dukan fata sai ta ƙone. Kunnuwa da fuska su kumbura, ido ya yi shawara, dabbar na neman inuwa. Inda fata ba ta da baƙi da inda gashi ya yi ƙaranci kawai yake ci. A saniya mai dabbare-dabbare irin ta Turawa za ki ga farin ya saɓule, baƙin yana nan lafiya. A tsare ta a inuwa, a canza kiwo, a kira likita saboda hantar.

Goɗiyata ta haihu lafiya, ɗan ya sha nono, kwana biyu ido ya yi ɗorawa ya kwanta. Na bara ma haka ya mutu.

Wannan wani nau'in ne daban, kuma yana da ban tausayi domin dakashin uwa ne ke kashe ɗan. Ɗan ya gaji rukunin jinin ubansa wanda ya saɓa da na uwa. A wata haihuwa da ta gabata jinin ɗa ya ɗan shiga jikinta, ta ƙera makaman yaƙi da shi. Makaman ba sa ratsa mahaifar goɗiya, shi ya sa ake haihuwarsa garau, amma suna taruwa a dakashi. Yana sha, su shiga jininsa su farfasa jajayen ƙwayoyi. Kasala, haki, shawara, fitsari ja. Ka ga nan ma haihuwar fari kan tsira, ta baya ce ke shan wahala. A alfadari abin ya fi yawa, wajen ɗaya cikin goma, domin jinin jaki na da wata alama da doki ba shi da ita.

Tunda ta taɓa yi, haihuwa mai zuwa ka kasance a wurin. A sa wa ɗan takunkumi tun kafin ya kama nono, a ba shi dakashin wata goɗiyar, a riƙa tatse uwar ana zubarwa. Bayan awa 36 zuwa 48 hanjinsa ya daina shigar da makaman cikin jini, sai a sake shi ya sha nonon uwarsa lafiya.

Ana iya ƙara wa dabba jinin kowace 'yar'uwarta?

Kare yakan jure ƙarin farko ko ba a gwada ba, na biyu ne mai haɗari. Kyanwa ba ta ba da wannan damar: mai rukunin B in aka sa mata jinin A, 'yan ɗigo na iya kashe ta a karon farko.

Dokina ya warke daga ciwon da ke fasa kaluluwar maƙogwaro, sai ga ƙafafu da kai sun kumbura.

Kira likita yau. Bayan mako biyu zuwa huɗu da wannan ciwo, ragowar ƙwayar cutar kan manne da makaman garkuwa su zama ƙulle-ƙulle, su maƙale a bangon ƙananan jijiyoyi, jiki ya kai musu hari ya huda jijiyoyin. Ƙafafu su cika su yi zafi, kumburin ya tsaya cak a waje ɗaya kamar an ɗaure da zare, jajayen ɗigo su fito a dasashi da cikin hanci. Yana kisa, kuma jinyarsa makonni ce. Irin wannan ƙulle-ƙulle ne ke sa idon kare ya koma shuɗi bayan ciwon hanta na karnuka, shi ne kuma ke toshe matatar ƙodar karen da ya daɗe da cutar kaska.

Me ya sa mai gwajin tarin fuka yake cewa sai ya dawo bayan kwana uku?

Domin da gangan yake tsokano borin, amma nau'in da ke tafiyar hawainiya. A 1963 wasu masana biyu na Ingila, Philip Gell da Robin Coombs, suka kasa waɗannan halaye gida huɗu: na mintuna mai IgE, na farfasa ƙwayoyin jini irin na ɗan goɗiya, na ƙulle-ƙulle, da wannan na huɗu wanda ba makamai ke yinsa ba, fararen ƙwayoyin jini ne da kansu suke tattaki zuwa wurin, tafiyar kuwa na cin kwanaki. Ana aske wuyan saniya, a auna kaurin fata, a sa mililita 0.1 na tubakulin, wani ruwa da aka tace daga ƙwayar tarin fuka, cikin fatar, a dawo bayan awa 72 a sake aunawa. Saniyar da jikinta ya san ƙwayar tarin fuka wurin zai yi tauri ya kumbura. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya fito da tubakulin a 1890 yana zaton magani ne, bai warkar ba, ya zama abin gwaji. Ba a maimaita gwajin sai bayan aƙalla makonni 6, kuma deksametazon na iya ɓoye sakamakon.

Wannan nau'in ne kuma ke sa wuyan kare ya yi ja a ƙarƙashin abin wuyan roba, ko bakinsa daga kwanon roba.

Deksa tana kwantar da kowane kumburi. Me zai hana in riƙa yi kawai?

Tana kwantarwa domin tana sa garkuwa barci ne gaba ɗaya, da mai laifi da marar laifi. In ƙazwa ce ko kirci ko makero, susa za ta lafa kwana biyu cutar kuma ta samu fili. Saniya ko tunkiya ko akuya mai tsohon ciki in aka yi mata, tana iya ɓari ko ta haihu ba lokaci ba, mabiyiya ta maƙale. A doki ana tsoron ta tayar da ciwon kofato. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Tana da ranarta, amma likita ne zai faɗi ranar. In ka riga ka yi, ka gaya masa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

An ce saniya na iya borin madararta?

Gaskiya ne, an fi saninsa a wani irin shanun madara na Turawa da ake kira Jasi. In aka jinkirta tatsa hantsa ta cika ta yi tauri, furotin ɗin madarar ya koma cikin jini, sai fata ta feso. Tatsa ce maganinsa, kuma yakan dawo duk lokacin da za a daina tatsarta don nonon ya ƙafe.

In haka ne, mene ne amfanin wannan ɓangare na garkuwa?

Don tsutsa da kaska aka tanade shi. Tunkiyar da ta saba da jar tsutsar tumbi, in damina ta faɗi ta kwashi sababbin 'ya'yan tsutsa a ciyawa, bangon tumbinta kan yi bori ya kakkaɓe tsofaffi da sababbi tare. Shanunmu masu tozo, Bunaji da Rahaji da Gudali, fatarsu na yi wa yawun kaska bori mai ƙarfi, wurin ya yi ƙaiƙayi, saniya ta lashe, kaska da yawa su faɗi ba su ƙoshi ba. Yana cikin dalilan da suka sa kaska ke cin saniyar Turawa fiye da tamu a makiyaya ɗaya.

Yana yaɗuwa? Ana cin naman, ana shan nonon?

Ba ya yaɗuwa, ko a turke ɗaya suke kwana. Gado dai ana yi, don haka ingarman da ke fama da ƙaiƙayin damina ko karen da ke fama da na muhalli ba su ne zaɓin farko na barbara ba. Borin kansa ba ya ɓata nama ko nono. Maganin da aka yi wa dabbar shi ne abin dubawa: penisilin na fita a madara, kuma mutumin da ke borin penisilin yana iya fesowa daga nonon da ya saya bai san komai ba. Kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha madara ko a yanka. A zubar da madarar waɗannan kwanaki, kada a kai ta kasuwa, kada a dama wa yara fura da ita.